Tsohuwar Okayama

Zalika ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta juya kawunansu waje kamar yadda aka koya mata. Madam Kurata, tsohuwar da ke da gidan, na durƙushe a falo tana jiranta. Shinkafa da gasasshen kifi na turiri a kan ɗan gajeren tebur.

Tun da Zalika ta baro Gaya ta Nijar ta zo birnin Okayama na ƙasar Japon don karatun noman shinkafa na shekara guda, haka kwanakinta ke tafiya. Da safe ta ware shara kashi-kashi, ta hau keke zuwa jami'a, ta yi sallar azahar a wani lungu bayan labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, da la'asar sakaliya ta dawo. Sauran ɗalibai baƙi an sauke su a gidan kwanan jami'a. Ita kaɗai aka kai gidan wannan tsohuwa, wai tsohuwar ce ta zo jami'a da ƙafarta ta ce Zalika take so.

Zalika ba ta ga alamar so ba. Tsohuwar ba ta fira, ba ta dariya. Idan ana cin abinci sai ta aje tsinkayen cin abincinta ta zuba mata ido. Ba ta taɓa kawo naman alade gidan ba, ko da yake ba wanda ya gaya mata Zalika ba ta ci. Tana ɗan jin Faransanci, irin na wanda ya koya da tsufa. Abokan karatu kan tambayi Zalika ko Nijar ita ce Najeriya. Tsohuwar kuwa ba ta taɓa tambayar inda Gaya take ba.

Akwai ɗakin ciki da kullum ke rufe. Kowace safiya Madam Kurata kan shiga da ɗan ƙoƙon shinkafa, ƙamshin turare ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Zalika takan kawar da kai. Addinin kowa nasa ne.

Kewa kuwa tana cinta. Titunan garin tsaf, shiru kamar an yi rasuwa. Ba hayaniyar ƴan kabu-kabu, ba manyan motoci jere suna jiran hawa gadar Malanbil ta kan iyaka, ba mai ce mata ina gajiya. In rezon waya ya yi kyau sai ta kira mahaifiyarta, Inna Fadima, ta ce mata komai lafiya lau.

Da zafi ya shigo, ƴan ajinsu suka shirya yawo a kwalekwale a kogin da ya ratsa garin. Karon farko ke nan da aka gayyace ta wani abu. Zalika ta girma a bakin kogin Isa da ya bi ta Gaya, amma Inna ba ta taɓa barinta ta je ko wanki ba, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba. Ta yi murna har ta gaya wa tsohuwar.

Ranar tafiyar, ta tarar da Madam Kurata tsaye ta tare ƙofa.

"Ban da kogi," in ji tsohuwar.

"Madam, ba ni hanya, ana jirana."

"Ban da kogi, Zalika."

Duk abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata. "Kin tsare ni da ido, kin hana ni sakat. Ke ba uwata ba ce! Ba ki da ƴar da za ki tsare ne?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai, ta matsa gefe.

Zalika ta je, ta dawo lafiya. A wannan makon ta nemi ɗaki a gidan kwanan jami'a, ta koma can da jaka guda. Madam Kurata ta raka ta bakin titi, ta miƙa mata ƙunshin abinci. Zalika ta karɓa ba ta dube ta ba.

Ta yi niyyar komawa ta ba ta haƙuri bayan jarrabawa. Kafin a gama jarrabawar, aka kira ta ofis aka ce tsohuwar ta faɗi a kicin, ba ta tashi ba.

Ɗan ƙanen marigayiyar ne ya buɗe mata gidan don ta kwashe sauran kayanta. Wannan karon ɗakin ciki a buɗe yake. Zalika ta shiga, ta ga ɗan akwatin katako, da tokar turare, da hoton wata budurwa ƴar Japan sanye da atamfa, tana dariya a gaban katangar laka.

Ɗan ƙanen ya ce ƴar marigayiyar ce tilo, ta daɗe da rasuwa. Zalika ta zauna a ƙasa ta kira Inna a Gaya ta bidiyo.

"Inna, matar da na zauna gidanta ta rasu. Na gaya mata magana marar daɗi, ban nemi gafararta ba."

Inna ta fara salati, sai ta matso da fuskarta kusa da talho.

"Zalika, gyara. Hoton wa nake gani a bayanki?"

Zalika ta juya talhon ya fuskanci hoton.

"Wayyo Allah, ɗiyata. Wannan ai Madam Likita ce, baƙuwar da ta faɗa kogi ta turo ki gaɓa kina ƴar ƙarama, ita kuwa ba ta fito ba."