Dubulan na Yumɓu

Yaya, matso kusa in ba ki wani misali, amma don Allah ya tsaya nan tsakaninmu.

An yi wata yarinya, uwarta gwanar dubulan ce. Duk Sallah sai ta soya shi samira-samira ta rarraba wa maƙwabta, kowa ya ci sai ya sa albarka. Ita ma yarinyar tun tana ƙarama hannunta ya iya murɗa ƙullin nan. To ana cikin azumi sai ta ga ƙawayenta kowa na shirin gyaran ɗaki, wannan ta samo furen roba, waccan an ɗinka mata sabon labule, ita kuwa ko tsinke ba ta da shi. Abin ya tsaya mata a rai. Rannan sai dabara ta faɗo mata. Ta je bakin kududdufi ta ɗebo yumɓu, ta kwaɓa shi ya yi laushi, ta riƙa murɗa shi sak yadda ake murɗa dubulan. Da ya bushe ta tura shi cikin garwashi bayan an sauke tuwo, ya fito ja-ja kamar yanzu aka tsamo shi daga mai. Ta jiƙa ƙaro ta shafe shi, ya ɗauki ƙyalli sai ka rantse a ruwan sukari aka tsoma shi. Nufinta ranar Sallah ta zura su a zare ta rataya a ƙofar ɗaki, duk wanda ya shigo ya riƙe baki. Kuma ba ta faɗa wa kowa ba, har uwar da ta haife ta, wai kada magana ta fita ƙawaye su kwaikwaya. Ta zuba a samira, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado, daidai inda uwar take ajiye nata.

Ranar Sallah ta tafi idi. Tana dawowa ko mayafi ba ta cire ba ta jawo samira ta buɗe. Sai ƙamshin mai da sukari ya bugi hancinta. Ta taɓa, ta ji danƙo. Ta gutsura, ta ji zaƙi. Wayyo, ashe na uwar ne! Ta ce, "Inna, ina ɗayar samirar?" Uwar tana fama da hayaƙin murhu ta ce, "Na miƙa gidan Baba Tsoho tun ɗazu. Ke, bana har nauyi ya yi, albarka ce." Baba Tsoho kuwa shi ne dattijon unguwar, duk wanda ya sauko daga idi zaurensa yake fara tsayawa.

Yarinya ta fita a guje ba takalmi. Tana isa ƙofar zaure ta tarar da manya zaune a kan tabarma, samira a tsakiya a buɗe. Ta raɓe a bakin ƙofa. Tana kallo tsohon ya zaɓi wanda ya fi ƙyalli, ya yi bisimilla, ya kai baki ya datsa da ƙarfinsa. Ƙwas! Ya tofo a tafin hannu, sai ga haƙori da jini. Zaure ya ɗauki salati. Wani ya ɗauki ɗaya ya buga da ƙasa, ya tarwatse kamar tsingaro. Wani ya ja da baya har yana take rigarsa, ya ce, "Abinci ya zama dutse? Kai, wannan ba banza ba!"

Kafin azahar magana ta gama unguwa, wai mai dubulan ta yi wa Baba Tsoho asiri. Matan da aka kai wa na gaskiya suka kwashe suka watsar a juji. Wata har yatsa ta sa wa 'yarta a maƙogwaro don ta amayar da wanda ta ci. Aka cika tsakar gidan su yarinyar, uwar tana tsaye da ludayi a hannu, tana rantsuwa tana hawaye, ita kanta ta rasa yadda aka yi ƙullin da ta murɗa da hannunta ya koma haka. Yarinya na laɓe a bayan ƙyaure. Sai da ta ji wata maƙwabciya ta ce daga yau ko ruwan gidan nan ba za ta ƙara sha ba, sannan ta fito da ragowar yumɓu da kwanon ƙaro. Ta durƙusa a gabansu ta murɗa guda ɗaya, ta ajiye.

Aka ja ta zuwa gaban tsohon, yana zaune da tsumma a baki. Ya juya abin a hannu ya duba, ya ce, "Jikata, hannunki ya iya. Bakinki ne bai iya ba."

An wanke uwar daga zargi, amma haƙori bai koma ba. Ɗakin ma haka ya yi Sallah fayau, don wa zai yarda a rataya wannan abin a ƙofa? Kuma har yau in an kai dubulan ɗin gidan nan wani gida, sai an ƙwanƙwasa shi a bango kafin a kai baki. Kin ga abin da ake nufi kenan, Yaya, in an ce garin neman gira a rasa ido.