Kifi a Farantin Yashi

Sai da aka tashi yara, aji ya yi tsit, sannan Malama ta sake jera kayan gwajin a kan tebur: kwano cike da ruwa, farantin yashi, tukunyar ciyawa, da reshen bishiya da ta kafa a gwangwani. A gefe ga jakar dabbobin katako, waɗanda hannuwan yara suka goge har suna sheƙi.

A ajinta ba a yin jarrabawar muhallin dabbobi da biro. Yaro zai zura hannu a jaka, abin da ya ciro ya kai shi gidansu, ya kuma faɗi abin da zai ci a can. Da safen nan ma ta sha dariya. Wata mai bakin tsiya ta tsoma raƙumi a ruwa, wai ƙishirwa yake ji, kuma ta kafe sai da aka ba ta rabin maki.

Gwajin yammacin nan kuwa ba na dariya ba ne. Ɗalibi ɗaya ne, yana zaune a bencin gaba da ya yi masa kaɗan, maɓallin rigarsa a karkace, ya saki baki yana kallon allo. Wanda ya zo ɗaukarsa na tsaye a bakin ƙofa, sai kaɗa makullin mota yake yi. Magana ta riga ta ƙare tsakaninsa da Malama: in ɗalibin ya kasa, yau za a raba shi da ita, a kai shi can nesa inda ake kula da irinsa. Ita ce ta dage cewa da sauran abu a kansa, wannan darasin dai ya san shi kamar yunwar cikinsa. Mutumin ya ce to, a nuna masa.

Ta gyara masa maɓallin, ta buɗe jakar. Ya ciro kwaɗo. Ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya ɗora shi a bakin kwanon, rabi a ruwa rabi a waje. Daɗi ya kama ta, har ta waiwaya ta harari na bakin ƙofa.

Na biyu tsuntsu ne. Wannan ya cusa shi a aljihu. Ta lallashe shi, ta karkaɗa reshen, har kukan tsuntsu ta yi masa, ita da ba ta taɓa yafe wa yaro satar amsa ba. Ya ƙi fito da shi, wai tsuntsun sanyi yake ji. Makullin ya daina ƙara.

Saura kifi, wanda ko ɗan da aka yaye jiya ya san gidansa. Malama ta tura masa kwanon ruwan da gwiwar hannu, ko kunya babu, tana ta roƙon Allah a ranta. Ya dubi ruwan, ya dubi ciyawar, sai ya kwantar da kifin a faranti, ya jawo yashi ya lulluɓe shi kamar mai rufa wa jariri zane.

Ta tambaye shi me kifin zai ci a can. Sai ya ce shi ma gida yake so a kai shi.

Na bakin ƙofa ya share ido da hannun riga. Ya fita ya tayar da mota. Da gori ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. Ta fara tattara kayan, zuciyarta kamar ta tsage, hawaye na ɗiga cikin kwanon.

Ɗalibin ya tono kifin, ya hure yashin, yana shafa zanen ɓawon da aka fitar da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wanda ya sassaƙa wannan ya iya aiki, ko ta san shi? Ta gyaɗa kai kawai.

"Malama, na ci?"

Ta durƙusa ta kama hannun nan da ya sassaƙa dabbobin duka, ta damƙa masa sandarsa. "Ka ci, Baba. Tashi, Yaya na jira."