Maɓalli Uku

"Mutumin nan ya sake rubutowa," in ji abokin aikin Injiniya. "Karo na bakwai ke nan."

Injiniya ko kai bai ɗaga ba. Shi ya ƙera manhajar rubutun kwamfuta da mutumin ke amfani da ita, ƙorafin kuma ya haddace shi: wai danna maɓalli uku lokaci guda kafin a buɗe sabon babi ya yi yawa, a bar kowa ya zaɓi nasa.

Ya yi dariya. "Ce masa yatsu goma Allah ya ba shi, ya daina ƙyuya."

Ran Asabar ya leƙa gida. Tun da ciwo ya shanye wa Baba hannun hagu, bai cika zuwa ba. Ya tarar da tsohon gaban kwamfuta yana rubuta tarihin gidansu, yatsu biyu a kan maɓallai, fensir a baki yana laluben na ukun.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?"

Baba ya cire fensirin, ya goge a riga.

"Ba ka zuwa, sai na rubuta inda kake dubawa. Sau bakwai. Shekaranjiya ma aka ba ni amsa."