Kaset Ɗin Ɗan Iya

Duk saurayin da ke ji da kansa a ƙauyen su Naziru, can gefen Bagwai, yana da waƙar Ɗan Iya a wayarsa. Daga wani tsohon kaset aka kwafo ta, wanda aka ɗauka da 'yar rikoda mai batir tun kafin a haife su. Kalangu na gudu kamar an biyo shi, wata siririyar murya na tsaga kunne. Ba mai iya kama baiti ko ɗaya, sai sunan tsohon Dagaci da ake ta ƙwala wa kira.

Naziru, da yake ya yi difloma a Kano, shi ya fassara musu. Zagi ne, in ji shi. Talaka ne ya tsaya gaban mai mulki ya wanke shi tas. Wai Turawa ma suna da irin wannan kiɗan tawaye, amma duk a bayan Ɗan Iya suke.

Da Dagaci na yanzu, ɗan wancan, ya yanke gonar mahaifin Naziru ya ba wani ɗan kwangila, Naziru ya rantse sai ta dawo. Zai nemo Ɗan Iya, ya sa shi ya maimaita waƙar a ƙofar Dagaci, gaban gari, har kunya ta sa a saki gonar.

A garin Kunci ya same shi, tsoho mai sanyin jiki, wanda gaisuwa kawai ke cinye masa hantsi. Tsohon na jin inda za a yi waƙar, ya ce a miƙo masa hularsa mai kyau. Naziru ya ce jarumta ba ta tsufa. Dagaci kuwa har kujeru ya ba da aro. Naziru ya ce tsoro ne.

Ranar kasuwa samari suka ɗaure kai da jan ƙyalle, suka ɗaga wayoyi. Mahaifin Naziru ya zauna a gaba, zuciyarsa cike da fata.

Ɗan Iya ya durƙusa. Ya taɓa kalangu a hankali, ya ja murya mai kauri kamar mai lallashin jariri. Kiɗan dai shi ne, kowa ya gane shi. Karo na farko kalmomin suka fito fes: Dagaci uban marayu, Dagaci inuwar talaka, ƙasa taka ce, ka ba wanda ka so. Kafin ya kai ƙarshe an yafa masa babbar riga.

Naziru ya kutsa. "Baba, ta cikin kaset muka ce! Mai zafin nan!"

"Ai ita ce, yaro," in ji tsohon, yana shafa aikin rigar. "Batirin rikodar ne ya yi sanyi ranar da aka ɗauka, shi ya sa in an sa ta a mai sabon batir take gudu. Uban Dagacin nan ma doki ya ba ni a kanta."