Amsar Hasiya

Tun da aka kafa dokar tace saƙonni, kowane imel sai na'ura ta cire masa gaisuwa da dogon zance kafin ya isa. Malam Barau da bakinsa ya yaba wa dokar a lokacin.

Yau ya cika shafi guda yana ba 'yarsa Hasiya haƙuri kan baƙar maganar da ya faɗa mata ranar da za ta tafi aiki Legas. Na'ura ta mayar da shi layi ɗaya: “Mahaifinki yana neman afuwa.”

Da la'asar amsa ta iso: “An samu saƙo.”

Ya miƙa wa matarsa wayar. “Kande, haka ta rubuta, ko iyakar abin da suka bar mini ke nan?”

Kande ta daɗe tana dubawa. “Wallahi Malam, ni da na haife ta ma ban ji muryarta a nan ba.”