Mai Kotso Ba Ya Gaida Shugaba

Munzali Gwaram yana shiga ɗakin gwaji, tsoho Ɗalhatu ya ajiye kotsonsa, ya miƙe, ya koma bayan labule. Haka yake yi kullum, har sauran makaɗan sun daina lura. Amma a ranar shugabar gidauniya tana zaune a layin gaba, kuma ta gani.

Aikin gidauniyar shi ne tattaro masu kiɗa da rawa da wasan daɓe daga ƙasashe dabam-dabam, ta zaunar da su a Doha, ta riƙa fitar da su bukukuwa. Munzali ya shiga cikinta a matsayin tafinta, ya zama mai tsara shiri, daga nan ya shugabanci ƙungiyar Afirka ta Yamma. Yanzu ana shirin ba shi kujerar da ke sama da dukan ƙungiyoyin. Karatun gudanarwa ya yi, ba a taɓa ganinsa da ganga ba, ko da yake idan makaɗi ya kuskure bugu, shi ne mai fara ɗaga kai.

Ɗalhatu kuwa, Munzali ne ya kawo shi daga Nijeriya ba tare da an gwada shi ba. Da aka ji hannunsa, babu wanda ya nemi dalili. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne sakayyar da tsohon ya yi. Bai taɓa miƙa wa Munzali hannu ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, ba ya cin abinci inda yake. Idan dole ta sa zai yi zancensa, sai ya ce “wancan” ko “mai ofis”.

Shugabar mace ce mai riƙon doka. Ita ce ta hana ƙanwar Mubarika aiki, duk da cewa Mubarika ce jagorar ’yan rawa, wadda suka ɗauko daga zangon Kumasi da lallashi. Dokar ta ce ’yan gida ɗaya ba sa zama a sashe ɗaya, kuma idan aka gano an ɓoye, duka biyun ake sallama. Da yake gidauniyar ce kafil ɗin kowa, wato mai tsaya masa a takardun zama, wanda ta sallama ya rasa izinin zama a ƙasar.

Ta kira Munzali ofis, ta yi masa magana a taƙaice. Wanda na ƙasa da shi ya raina a bainar jama’a, in ji ta, ba zai iya riƙe ƙungiyoyi masu yawa ba. A gwajin ƙarshe, gaban ’yan majalisar gidauniya, tsohon zai gaishe shi da sunansa, ya ba shi hannu. In ya ƙi, ko Munzali ya sallame shi da bakinsa, ko a nemi wani shugaban.

Munzali ya ce ya ji.

Da yamma ya tuƙa mota zuwa Al Wukair, inda aka sauke makaɗan. Bai shiga ba. Ya zauna a mota yana kallon ƙofar, ya laluba zuciyarsa ko zai sami fushi ko tsoro, bai sami komai ba. Ya miƙa wa mai gadi maganin hawan jinin tsohon kamar yadda ya saba yi ranar Juma’a, ya juya.

Ranar gwaji Ɗalhatu ya yi kiɗan da ya sa ’yan majalisar suka ajiye wayoyinsu. Da aka gama, aka tsayar da shi a tsakiyar daɓe. Munzali ya tako gabansa, ya miƙa hannu. Mubarika ce ta yi wa tsohon bayani.

“Baba, suna ne kawai,” ta ce. “Ka ce Munzali, ka ba shi hannu, khalas, shi ke nan. Kowa ya koma aikinsa.”

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai. Ya gyara ratayar kotsonsa, ya juya kafaɗarsa gefe, yana kallon katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

“Yalla, yi sauri, Baba, ana jiranka!” in ji Mubarika.

Hannun Munzali ya daɗe a miƙe. Sannan ya sauke shi, ya fuskanci majalisa, ya faɗa da muryar da yake karanta jadawali cewa aikin wannan makaɗi zai ƙare a ƙarshen wata. Shugabar ta gyaɗa kai.

An ba shi kujerar. Sabon ofishinsa yana kallon teku. Ya amsa gaisuwar taya murna ɗaya bayan ɗaya, ya sha shayin da aka zuba masa bai ji ɗanɗanonsa ba.

Ranar tafiya bai je filin jirgi ba. Mubarika ce ta raka tsohon, tana tura masa jaka, ranta a ɓace. A bakin layin awon kaya Ɗalhatu ya tsaya.

“’Yata, ki gaya wa wancan ya riƙa cin abinci. Na ga ya rame.”

“Haba, Baba! Har yau wancan? Mutumin nan ya kawo ka, ya rufa maka asiri, ka kunyata shi a gaban baƙi. Me ya yi maka da ba za ka iya faɗin sunansa ba?”

Tsohon ya dube ta da mamaki, kamar ta tambaye shi abin da kowa ya sani.

“A garinmu,” ya ce a hankali, “mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari.”