Ƙwan Zabin Mai Nasara

"Tir! Har cikin fura?" Bintu ta tsamo ƙuda da ludayi, ta tofar da yawu. "Malam, yau ko ka ɗaga kazar nan daga kwanci, ko ta kwana a tukunya."

Mijinta, Mai Nasara, ya tare bakin akurki da jikinsa. Ƙwan zabi ya sa wa kazar tun dawowarsa daga kasuwar Urafane, yana ta mafarkin garken zabi suna bin sa gona. Don korar ƙudaje, ya yi hayaƙin ganyen dogon yaro, ya barbaɗa toka, har faɗa ya yi da maƙwabci kan salgarsa. Ƙudaje sai ƙaruwa suke, korayen nan masu ƙugi.

"Ki yi haƙuri, gobe ko jibi za ta ƙyanƙyashe. Zabi ba su san gaggawa ba."

"Wata fa ya wuce!"

Ta ture shi, ta cafko kazar. Wani ɗoyi ya bugo su, har Mai Nasara ya toshe hanci da hula. Ƙwai biyu sun tsage, tsutsa na motsi a ciki. Bintu ta ɗauki kara ta soki guda. Bai fashe kamar baragurbi ba. Rabewa ya yi, farin a daskare, gwaiduwar koriya shar.

Ta dube shi. "Wurin wa ka saye su?"

"Wata baiwar Allah ce a tasha," ya ce. "Mutuniyar kirki. Har yaji da gishiri ta ƙulla mani kyauta."